Kujerun Aro

Yelwa, Mubi

Zuwa ga Yaya Vandi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya Yola, yaya aikin gareji?

Ka san tun da ciwo ya kwantar da Baba muka kasa biyan bashin gida. Yanzu banki ya ce zai karɓe gidan bayan damina. Amma an ce gwamnati za ta tallafa wa irinmu, jami'ai za su zo su ga halin da muke ciki.

Da yamma nakan zauna a bayan gida ina kallon hadari yana sauka kan duwatsu. Sai in ga kamar gidanmu jirgin ruwa ne, muna tafiya a hankali, babu wanda ya san inda za mu tsaya. Kada ka yi mini dariya.

Ƙanwarka,
Selina

*

Selina,

Na gaishe ki, na gaida su Mama. Dariya kam na yi. Jirgin ruwa a Mubi? Ki sauko ki share tsakar gida. In sun zo a rubuto mini.

Yayanki,
Vandi

*

Yaya Vandi,

Ina gaisuwa. Sun zo, mutum biyu.

Mama ta ce baƙin gwamnati ba za su zauna a tabarma a gidanta ba. Ta aro kujerun maƙwabciyarmu Maman Mubashshir, da labulen Anti Purity, da talabijin. Ta yanka kazarmu ta ƙarshe. Ta sa aka tayar da Baba, aka sa masa rigar coci, ya yi ta murmushi yana cewa ya ji sauƙi.

Wallahi Yaya, falon ya yi kyau. Na tsaya a ƙofa ina ji kamar a mafarki na shiga gidan wasu.

Babbar cikinsu ta shafa kujera ta ce, "Madam, ai ku kun gode wa Allah. Ki je unguwar Kolere ki ga masu kuka." Mama ta ce, "Mun gode masa kam." Suka ci, suka tafi.

Taka cikin ladabi,
Selina

*

Selina,

Gaisuwa. Kai, Mama! Roƙon taimako muke yi, ta sa mana kayan Kirsimeti. Ba za ta taɓa zuwa ta ce aro ta yi ba, Baba kuwa ba ƙafa. Ni maigida ba zai sake ni ba. Saura ke. Wannan bakin da ke zuba a takarda, ki kai shi ofishin jami'an nan.

Vandi

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na je da kayan makaranta. Abin da na iya faɗa wa babbar jami'ar nan kawai shi ne, "Anti, kujerun ba namu ba ne."

Ta biyo ni gida a keke napep, ba sanarwa. Ta tarar da Mama a tabarma tana ba Baba kunu. Ta ce banki zai dakata, za a sake duba maganarmu.

Tun ranar Mama ba ta kalli fuskata ba. Amma yau da safe ta ce, "Ke mai baki, je ki kasuwa ki sayo mini dashen mangwaro." Tana bayan gida yanzu, tana haƙa rami.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Selina