Mai Kwalli

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da shago. Tunda wayarka kullum a kashe, na ba direban da ya kawo kwalbar wannan takarda.

Na gode da riƙon Mai Kwalli da ka yi duk zamana a asibiti. Ka sani, cikin gizo-gizo masu tsalle da nake kiwo, ita ce idona. Ban taɓa samun mai jan bayanta ba, shi ya sa na hana ta namiji, ina jiran wanda nake reno mai irin launinta ya balaga.

Sai dai har yau ban sa ta a ido ba. Ta iso a rufe cikin saƙarta a ƙarƙashin murfi. Na jefa ƙuda, ko motsi. Haka take yi a wurinka?

Ka gaida matarka.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Barka da samun sauƙi, Allah ya ƙara lafiya. Ke da aka ce ki huta, kin koma leƙen kwalba?

Lafiyarta lau, ci take kamar gara. Jijjigar mota ce ta sa ta ɓuya. Don Allah kada ki buɗe saƙar. Ke kika koya mini cewa gizon da ya rufe ƙofa ba a ƙwanƙwasa masa.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki

*

Auta,

Sallama. Ban buɗe ba, da kansa ya fito.

Na ce da kansa, domin namiji ne. Baƙi wuluk, ga 'yan hannayen gaban bakinsa sun kumbura kamar ɗan dambe, ga saɓarsa a rataye. Mai Kwalli ta daɗe da gama girma, kuma wanda ya gama girma ba ya ƙara saɓa. Na zauna bakin gado ina kallonsa yana kallona, har shayina ya huce.

Da ka ce ta mutu, da na yi kukana na share hawaye. Amma ka zauna ka zaɓi wanda ya shiga saƙa zai yi saɓa, don ka san ko da wuƙa a wuya ba zan buɗe ba. Da abin da na koya maka ka cuce ni. Wannan ya fi ɗinkin cikina ciwo.

Ina take?

Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri. Tana nan da ranta, a kan kantar shago bayan keken ɗinkina.

Na kama wani namiji a jikin tagar shago, na ga yana ɗaga mata hannu yana rawa ta bayan gilashi, na ce bari in gwada haɗa su. Na sha roƙonki ki ba ni 'ya'ya in fara nawa kiwon, kullum sai ki ce ban iya ba. To ga shi na iya. Yanzu tana kwance kan ƙwai, ba ta ɗaukuwa. Niyyata in sun ƙyanƙyashe in zo in musanya, ba wanda ya ji.

Ai ba a rasa komai ba. In ta gama sai ki haɗa ta da naki.

Ƙanenki mai neman afuwa

*

Auta,

Sallama. Haɗuwa ɗaya da namiji ta ishi macen gizo har mutuwa. Duk ƙwan da za ta ƙara yi, da jinin namijin tagarka a ciki, kuma ta tsufa. Nawa ya balaga shekaranjiya, ba shi da mata.

Kada ka motsa kwalbar. Ka fesa ruwa a bango, ban da saƙar, ka kuma nisanta ta da dutsen guga. Ka riƙe ta, da ita da 'ya'yan.

Mabuɗin gidana da ke hannunka, ka ba direba.

Yayarka