Sabulun da Ya Ƙi Kumfa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da reshen kamfaninmu da ka buɗe a ƙasar waje.

Ba zan ɓoye maka ba, ina cikin tashin hankali. Tun da ka tafi da babban injin gauraya sabulu, ƙaramin nan na zamanin Baba muke lallaɓawa. In ya yi awa biyu sai ya ɗau zafi, mu tsaya muna masa fifita da kwali. Mai otal ya ce in ba mu cika masa odarsa ba kafin ƙarshen wata, zai koma wani kamfani. Ka san shi ne rabin cinikinmu. Ka ce wata uku za ka yi da injin, ga shi yau wata tara. Don Allah ka dawo mana da shi.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Na ga saƙonki. Ke dai kin cika tsoro, tun kina yarinya haka kike. Kamfanin da bai leƙa waje ba ai shago ne. Ga hoton rumbunmu, ki ga kaya har rufi. Ki ba mai otal haƙuri.

Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na duba hoton. Katan ɗin da gefensa ya yage a layin sama, shi ne dai a hoton da ka turo wata huɗu da suka wuce. Ko motsa shi ba a yi ba. Ni za ka yi wa wayo? Jiya na sallami mata shida masu naɗe sabulu, har da wadda ta goya ni. Ban iya kallon idonta ba. Ka gaya mini gaskiya, don girman Allah.

Auta

Auta,

Ki yafe mini. Sabulunmu ba ya kumfa a ruwan ƙasar nan. Ruwansu nauyi gare shi, in ka goga sai wata farar dauɗa ta taso. Kafin na zo na auna kasuwa, na auna haya, amma ko sau ɗaya ban wanke hannu da sabulunmu a famfonsu ba. Wanda ya saya sau ɗaya ba ya dawowa. Injin kuma na sayar da shi tun watan jiya, kunya ta hana ni faɗa miki. Abin da ya rage na kuɗin injin na yi miki jigilar katan dubu biyu na sabulun rumbun da shi, suna hanya. Ki cika odar da su. Ki yi addu'a su iso a kan lokaci.

Yayanki mai laifi

Yaya,

Mai otal ya sa hannu da wani kamfani ranar Litinin. Kayanka sun iso ranar Laraba.

Na fasa katan ɗaya, na kai famfon bayan ofis na gwada. Yana kumfa, Yaya. Har gwiwar hannu.

Ka dawo gida.

Auta