A Kwashe Simintin Nan Daga Ajin Yaranmu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Dattawan Unguwarmu, Kilomita Biyar, Bangui.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata Alhaji yana lafiya, da iyali da harkoki. Ni ne telan da ke lungun bayan Titin Koudoukou, wanda ya ɗinka maka babbar rigar da ka yi sallar layya da ita. Sau uku ina zuwa gidanka kan wannan magana, sau uku ana ce mini ka fita, alhali ga takalmanka a bakin ƙofa. Shi ya sa na rubuta a fili, kowa ya karanta.

Maganar ɗakuna biyun nan ce da iyayenmu suka gina don karatun ƙananan yara, waɗanda muke kira jardan.

Na farko, zan fara da laifina. Lokacin da rikici ya tsananta, malamai suka gudu, ka tara mu ka ce a ara wa 'yan kasuwa ɗakunan su ajiye kaya kafin ƙura ta lafa. Ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Har da bakina na ce me ɗan shekara huɗu zai koya in ban da waƙa da tafi, aka yi dariya. Allah Ya yafe mini. Ƙura ta lafa tuntuni, amma har yau siminti ne a ciki har rufi, makulli kuma yana aljihunka. Aro dai aka ce, Alhaji, ba gado ba.

Na biyu, abin da wannan ya jawo wa gidana. Jikana Habibu ya shiga firamare bai taɓa riƙe alli ba. Hausa yake ji a gida, Sango a titi, ga malami yana ta zuba Faransanci. Yaran da suka yi jardan a wasu unguwanni sun iya gaisuwa, sun iya ƙirga, sun san yadda ake zama a aji. Shi kuwa aka tura shi bencin baya, aka sa masa suna kurma. Ya maimaita aji sau biyu, daga nan ya daina zuwa. Yaron da ya haddace izun Amma tun haƙoransa ba su fara faɗuwa ba, shi ne ya yarda cewa kansa ba ya ja. Ya bi samarin da ke yawo da makami, don su ba su taɓa kiransa daƙiƙi ba. A amalanke aka kawo mana gawarsa, bai cika sha shida ba. Ban ce simintin nan ne ya kashe shi ba, ajali na Allah ne. Amma na san daga inda hanyar ta fara, kuma da hannuna a ciki. Wannan baƙin cikin ba ya barina.

Na uku, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan, ƙanensa Nuhu, ɗan shekara huɗu. Ina kan keke ina kallonsa kullum. Shi da tsaransa suna ɗaure igiya a bakin lungu, su rataya sanduna a kafaɗa, su tare mai wucewa su ce ya nuna takarda. Wanda ba shi da ita sai ya durƙusa ya ɗora hannu a ka. Manya suna wucewa suna dariya, wai wasan yara ne. Nuhu bai iya ƙirga goma ba, amma ya iya lalube aljihun mutum tsaf. Na yi kuskure da na ce ɗan shekara huɗu ba ya koyon komai. Yana koyo, ko mun ba shi malami ko ba mu ba shi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa titi muka bar wa aikin.

Ga abin da nake roƙo. A kwashe kayan nan kafin a koma makaranta. Masu siminti ba su rasa sito a kasuwar Kokoro ba. A kira taro bayan sallar Juma'a, ka faɗa wa iyaye ranar da za a buɗe. Akwai 'yan matanmu da suka gama sakandare suna zaune a gida, za su iya koyarwa da Sango da Hausa, suna shigar da Faransanci sannu a hankali. Rigunan yaran kuwa ni zan ɗinka, ban nemi ladan kowa ba sai na Allah.

Kada a ce mini a jira baɗi. Shekaranjiya Nuhu ya zo ya tsaya a gaban kekena, ya ce in ɗinka masa kaki mai aljihu da yawa, irin wanda Yaya Habibu yake sawa. Na ce masa babu yadi. Ya ɗaga kai ya dubi yadin da ke jibge a shagon, ya dube ni, ya fita. Alhaji, ban san abin da zan faɗa masa in ya dawo ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya raya maka naka jikokin, Ya kuma sa kada ka taɓa karɓar abin da na karɓa a ƙofar gidana.

Wassalam.

Ɗanladi Tela,
Kilomita Biyar.