Inna, Na Cire Sallama Daga Darasin

Assalamu alaiki Inna, tare da girmamawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Ranar Alhamis kwamitin malaman shiyyarmu ya amince da kwas ɗin da na tsara, wanda za a riƙa tura wa malaman firamare ta waya. Saura sa hannun shugaba, Malam Lawal na Ƙofar Kaura, wanda kuka koyar tare a makarantar Ƙofar Sauri. Idan bai sa ba, aikin ya tsaya a nan.

Kin bar ni ina aikin jarida a ɗakin labarai. Bayan rasuwarki na fara bin darussan intanet kan yadda mutum ke koyo da yadda ake tsara koyarwa. Kyauta suke, data kawai ake saye. Na karanta da yawa, kuma abin da suka fi nanatawa shi ne a rubuta manufa tukuna, a san yadda za a gwada ko ta cika, sannan a gina darasi. A fara da abin da ɗalibi ya riga ya sani. Kada a ɗora wa ƙwaƙwalwa kaya da yawa a tashi ɗaya.

Duk wannan na taɓa ganinsa a littafin shirin darasinki mai baƙin bango, wanda kike cikewa bayan la'asar a kan tabarma. Suna ne kawai ba ki ba shi ba.

Sai dai na yi kuskure, kuma kuskuren nawa ne. Darussan sun ce farkon saƙo shi ke riƙe mai sauraro, don haka a shiga magana kai tsaye. Aikin jarida ma haka ya hore ni. Da na naɗi darasin farko a saƙon murya, sai na yanke sallama da gaisuwa gaba ɗaya, na tura wa guruf ɗin malamai, ina jin na yi gwaninta.

Kwana biyu babu wanda ya tanka. A na uku Malam Lawal ya aiko da murya, ya gaishe ni, ya tambayi maigidana da yara da gajiya, sannan ya ce: "Ɗiyar Malama, mu ne aka faɗo wa ɗaki babu sallama? Ko labarun duniya kike karanta muna?" Ya fita daga guruf ɗin, dattawan suka bi shi.

Na sake komawa intanet, ban sami shafin da ya san wannan matsalar ba. Ke na tuna. Ranar da na raka ki makaranta, kin tsaya a bakin aji kina gaisawa da yara ɗaya bayan ɗaya, har kina tambayar jikin kakar wani. Kina shiga kuma kika jefa tambaya, babu wani zagaye. Da na yi mamaki kika ce: "Na gama gaisuwata a waje, nan aiki muka zo."

Haka na yi. Yanzu gaisuwa saƙonta daban, cikakkiya, da sunan kowane dattijo. Darasi na biyo baya, gajere, da tambaya yake farawa. Na je gidan Malam Lawal da ƙafata na ba shi haƙuri. Ya dawo, suka dawo.

Inna, ba ki taɓa yabona a gabana ba, kara ba ta bar ki ba. Ni kam yau zan faɗa a gaban jama'a: ina alfahari da aikin nan, na fi alfahari da cewa rabinsa naki ne. Ina kewar ƙamshin alli a mayafinki.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya kai miki ladan duk yaron da ya iya karatu ta hannunki.

Malam Lawal ya ce zai sa hannu idan ya saurari darasin ƙarshe. Wayata ta nuna ya buɗe shi da hantsi. Har yanzu takardar tana kan teburinsa.

Ɗiyarki,
Binta