Kunnen Hagu

Alhamis da dare, unguwar Al Karama

Ban gaya wa kowa ba, har Umma: wata uku ke nan kunnena na hagu ba ya ji sosai.

Yau makarantarmu ta kai mu kallon babban kiɗan Turawa. Makaɗa cike da dandamali, mawaƙa jere a bayansu. Can tsakiya na ji shiru, na ɗauka an gama, sai na fara tafi. Ni kaɗai. Ashe masu goge na gefen hagu suna ci gaba a hankali. Mutane suka juyo. Ƙawata Hauwa ta mintsine ni, ta ce, "Ke, khalas, ya isa! Gidan biki kika zo?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A bas Malama ta ce wanda ya ƙirƙiri kiɗan ya daɗe da mutuwa, kuma ya riga ya kurumce lokacin da ya tsara shi. Kowa na mamaki, ni kuwa na taɓa kunnena na hagu. Shi ma da kunne ɗaya ya fara?

Ɗazu na toshe na dama, ko ƙugin iyakwandishan ban ji ba.

Bakina ba zai iya faɗa ba. Na rubuta a takarda, na sa cikin sallayar Umma. Da asuba za ta gani.