Larabar Rokhaya

Laraba, 8 ga Nuwamba
Sai da na ga 'yan ajinta tsaye a ƙofar gida, babu mai magana, na gane. Yaran unguwarmu ta Pikine da ba su san shiru ba. 'Yata Rokhaya ta faɗi a gaban allo tana koyarwa, ba ta tashi ba.

Lahadi, 12 ga Nuwamba
Masu ta'aziyya, shinkafa, shayi. Na gaji da cewa amin.

Laraba, 22 ga Nuwamba
Yaran sun dawo. Ashe duk Laraba da yamma Rokhaya takan tara 'yan sakandaren da karatu ya gagara. Kowa ya faɗi waƙarsa da ka, a tsaye, babu kiɗa, sannan ya rubuta, wani ya karanta. Inda mai karatu ya tuntuɓe, mai waƙa ya gyara. Ni da na ɗauka surutu take koya musu. Yanzu shugaban makaranta ya kulle ɗakin da suke taruwa, wai babu malami.

Sokhna, doguwarsu, ta ce, “Inna, tsakar gida kawai muke roƙo.” Ban ce eh ba, ban ce a'a ba.

Laraba, 29 ga Nuwamba
Ina kwance da ciwon kai, ina jin su ta taga. Wani Mbaye ya yi waƙar yayansa da ya shiga kwalekwale zuwa Turai, har yau shiru. Bakinsa kamar ruwa. Da aka zo karanta takardarsa suka zubo ta tas. Na leƙa, ko kallonta ba sa yi, daga bakinsa suka haddace. Cutar juna suke.

Laraba, 6 ga Disamba
Na fito shanya, na ce su miƙo mini takardar Mbaye in karanta. Iyakata aji shida, da yatsa nake bi, abin da ke rubuce kawai nake faɗa. Rabin waƙar babu.

Mbaye ya ce, “Inna, kin kashe mini waƙa.”

Na ce, “Gawarta ka miƙo mini, ɗan nan.”

Suka yi dariya. Ni ma, kafin in ji abin da na faɗa. Na koma ɗaki.

Laraba, 13 ga Disamba
Mbaye ya kawo ta a gyare, na kai ƙarshe. Ya kau da kai, wai hayaƙin murhu ne. Na ƙara kifi a tukunya, don dai ya yi araha yau.

Har yanzu ba su da malami, ni kuma ban je wurin shugaban kan maganar ɗakin ba tukuna.