Randar Ƙofar Gida

Inna,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar taki? Ya Baba da mutanen Kwatarkwashi?

Lafiyata ƙalau, kada hoton nan ya tsorata ki. Ran Asabar na hau wani jan dutse a hamadar Amurka. Hanyar siririya ce, rami hagu da dama, sai an riƙe sarƙa. Wautata ɗaya, ban ɗauki ruwa ba. Na saba da gida, inda sallama kawai za ka yi a miƙo maka moɗa. Nan ko bukka babu. Jiri ya ɗebe ni, kaɗan dai, sai wata tsohuwar Baturiya ta ba ni rabin ruwanta.

Don Allah, Inna, randar ƙofar gidanmu kada ta wuni ba ruwa. Ɗan wata ma yana hanya.

Ɗanki,
Jibo